Yaya Wanne, Mai Raba Reshe da Hatimi

Ƙarfe bakwai da kwata take isa ofis, kafin mai shara ya gama da bene na biyu. Sai ta rataye jakarta a ƙusar da ke bayan ƙofa, ta buɗe taga ɗaya tak, wadda ba ta kallon titi, ta juye ragowar ruwan gorarta a tukunyar wata shuka da ta ƙi girma kuma ta ƙi mutuwa. Sannan ta zauna, ta goge tabarau da gefen mayafi, ta kunna kwamfuta. Kafin ta gaisa da kowa sai ta leƙa rumbu ta ga yadda ya kwana. Shekara ashirin da biyu ke nan tana haka, har makon jiya da ta ajiye aiki.

Ga wanda bai san sana'armu ba, bari in ɗan share masa hanya. Kamfaninmu ƙarami ne, mu goma sha huɗu ne har da direba. Muna rubuta manhajar da makarantu ke haɗa makin ɗalibai da ita, su buga takardar sakamako. Duk abin da muka rubuta yana zaune wuri ɗaya da muke kira rumbu, kuma akwai manhaja ta musamman da ke tsaronsa, tana riƙe da tarihin kowane layi: wa ya taɓa shi, yaushe, don me. In mutum zai fara sabon aiki sai ya cire reshe, ya raɗa masa suna, ya yi ta gyare-gyarensa a can ba tare da ya taka ƙafar kowa ba. In aiki ya kammala an aika wa makarantu, sai a buga masa hatimi, shi ma da sunansa, ya tsaya cak yadda yake har abada. Reshe yana tafiya kullum, hatimi yana tsaye wuri ɗaya. Wannan rumbun shi aka damƙa a hannun matar da nake jinjina wa yau.

Yaya Wanne muke ce mata, kuma ita ta jawo wa kanta. Ba a taɓa zuwa teburinta da magana a dunƙule an tsira ba. Ka ce, “Yaya, ba ni fayil ɗin jiya,” ta ɗago kai ta saman tabarau ta ce, “Wanne?” Ka ce na safe, ta ce, “Biyu ka aiko da safe. Wanne?” Har mai kawo mana shayi ya koyi ya tsaya bakin ƙofa ya jero mata duk abin da ke kan faranti tun kafin ta buɗe baki. Mun sha yi mata dariya a bayan ido, ita ma ta sani, ba ta taɓa damuwa ba.

Babban yaƙinta da mu a kan suna ne. Mu mutane ne masu kasalar raɗa suna. Akwai wata a cikinmu, mai zana fuskar manhaja, da ta cire reshe ta kira shi “sabo”. Bayan kwana biyu ta cire “sabo-sabo”, sai “sabo-na-gaske”, sai “na-ƙarshe-wallahi”. Yaya Wanne ta ja kujera ta zauna kusa da ita, ta karanto su ɗaya bayan ɗaya da murya mai daɗi kamar mai kiran sunan ɗalibai, sannan ta ce, “Ƙanwata, in haka za ki yi wa ’ya’yanki, ranar rabon gado akwai kallo.” Ta zauna da ita awa guda suna sake sunayen, kuma daga ranar mai zanen ba ta sake ba.

Wani kuma, wanda yanzu shi ne babba a ɓangaren gwaji, ya taɓa goge aikin mako uku da yatsa ɗaya a shekararsa ta farko. Ya zo gabanta a ruɗe. Ba ta tambaye shi yadda aka yi ba. Ta tono littafin da manhajar rumbu ke ɓoye sawun kowa a ciki, ta maido masa da aikinsa cikin minti goma, ta ce ya je ya sha ruwa. Shekara tara babu wanda ya ji wannan labari, sai makon jiya da shi da kansa ya tashi ya tona.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne wata huɗu da suka wuce, a ƙarshen zango na uku.

A bana makarantu sun ƙara darasi ɗaya, darasin kiwon lafiya, darussa suka tashi daga goma zuwa goma sha ɗaya. Aka ba Dogo aikin koya wa manhajarmu wannan lissafi. Dogo magidanci ne mai shekara arba’in da ’yan kai, shekararsa biyu da mu, mutum ne mara yawan magana, in ya yi dariya sai ya rufe baki da hannu. Ya cire reshe ya kira shi “zango-na-uku”, suna mai ma’ana, wanda ko Yaya Wanne ba za ta yi wa gyara ba. Ya yi mako uku a kai, aka gwada, komai ya tafi daidai. Ranar Laraba ya umarci injin da ke ɗaure kaya, wato mai harhaɗa manhaja ya shirya ta don aikawa, ya ɗauko “zango-na-uku” ya aika wa makarantu tara. Injin ya ɗaure, ya aika, bai ce uffan ba.

Ranar Alhamis tun ƙarfe tara wayoyi suka ɗauki ƙara. Abin da ya isa makarantu bai san da sabon darasi ba. Yana tara makin darussa goma, ya raba gida goma sha ɗaya, adadin darussan da makarantu suka shigar, sakamakon kowa ya zube. Yara fiye da ɗari biyu aka buga musu cewa za su maimaita aji, kuma a makarantu uku har an riga an miƙa takardun. Wata shugabar makaranta ta kira tana haki, ta ce yarinyar da ke zuwa ta ɗaya shekara uku a jere ta kulle kanta a aji tana kuka, ubanta yana bakin ƙofar ofis yana neman wanda zai shaƙe.

Yaya Wanne ba ta tsaya neman mai laifi ba. Ta je kwamfutar Dogo, ta ɗaure kayan da hannu daga reshensa, ta aika, kafin la’asar makarantu sun sake buga sakamako na gaskiya. Sai dai wannan taimako shi ya ƙara ɗaure Dogo. Tunda aikin yana nan lafiya lau, ashe shi ne ya aika wani abu daban ke nan.

Manajanmu ba mugu ba ne, amma in ya tsorata sai ya fara neman wuyan da zai rataya wa abin. Ya kira Dogo tsakiyar ofis, a gabanmu duka.

“Me ka aika?”

“Zango-na-uku, ranka ya daɗe. Ga shi nan a rubuce.”

“To aljanu ne suka canza shi a hanya?”

Dogo ya buɗe kwamfutarsa ya nuna aikin, ya sake nunawa, kamar in ya nuna sau uku za a yarda. Kafin a tashi, sakatare ta riga ta buga takardar sallama, aka ce manaja zai sa hannu ranar Litinin da safe. Mun ga Dogo ya roƙi kwalin tattara kayansa wurin mai shara, ya ajiye a ƙarƙashin tebur. Wallahi babu wanda ya iya kallon idonsa.

Ranar Jumma’a Yaya Wanne ta zauna gaban injin ɗaure kaya ta yi abin da ta saba yi wa mutane. Ta ce ya ba ta “zango-na-uku”, ya ba ta. Ta duba kwanan watan abin da ya bayar, sai ta ga na bara ne. Ta jero duk sunayen da ke rumbu, sai ga shi sau biyu: reshen Dogo na bana, da wani hatimi da wani ma’aikaci da ya riga ya bar mu ya buga bara, ya manta bai sa shekara a gaba ba. Suna ɗaya, kaya biyu. Ita kuwa manhajar rumbu tana da nata tsarin zaɓe. In mutum ya ce zai shiga ya yi aiki, sai ta kai shi reshe, shi ya sa Dogo kullum yake ganin aikinsa daidai. In kuwa inji ya ce a ba shi kaya zai ɗaure, sai ta fara leƙa wurin hatimai, in ta samu a can ba ta ƙara gaba. Dogo ya kira sunan da ya dace, aka miƙo masa kayan bara.

Ta tashi da murnarta ta shiga wurin manaja. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya girgiza kai.

“Yaya, ai kin ƙara masa laifi ne. Ni ma na yi wannan aiki kafin in hau kujerar nan. In suna ya zama biyu, manhajar tana gargaɗi, tana rubutawa ɓaro-ɓaro a allo. Ya gani ya ƙetare. Gara ma a ce kuskure ya yi da a ce an faɗa masa ya toshe kunne.”

Gaskiya manaja ya faɗa, manhajar tana gargaɗi. To amma ita ma yanzun nan ta ba injin umarni iri ɗaya, kuma ba ta ga komai ba. Ta koma ta buɗe fayil ɗin saiti, inda ake gaya wa manhajar yadda za ta yi hali. Can wajen ƙasa ta ga layi ɗaya: gargaɗin suna biyu, a kashe. Wannan fayil ba ya cikin rumbu, ba ya riƙe sunan wanda ya taɓa shi. Kowa zai iya zama wanda ya kashe shi, har wanda ya tafi.

Sai dai Yaya Wanne tana da wata ɗabi’a. Duk abin da ta taɓa a inji sai ta rubuta da biro a littafi, kuma littattafan suna jere a durowar ƙasa, shekara bayan shekara. Ta durƙusa ta yi ta zarowa. A na shekara shida da suka wuce, lokacin da muka yi ƙaura daga tsohon rumbu zuwa wannan, ta ga rubutun hannunta: “Na kashe gargaɗin suna biyu, yana cika mana allo muna ƙaura. A mayar ranar Litinin.” Ta tuna wannan Litinin ɗin. Ranar ce aka kwantar da mahaifiyarta a asibiti, Yaya ta yi mako biyar tana jinyarta, ta dawo da idanu a kumbure da tulin aiki a gaba. Layin ya yi zamansa shekara shida yana jira.

Ba zan yi mata ƙarya don ina sonta ba: ba ta tashi nan take ta koma wurin manaja ba. Ta rufe littafin, ta sa shi a jaka, ta tafi gida. Wata huɗu suka rage mata. Fayil ɗinta na aiki ba shi da ɗigon tawada ko ɗaya, kuma tana alfahari da haka, ta sha gaya mana. Babu wanda ya san da littafin nan sai ita da Allah. Tana iya kunna gargaɗin shiru, gobe babu wanda zai sake faɗawa ramin, Dogo kuwa ya ɗauki kwalinsa.

Abin da ya faru a gida, maigidanta ne ya ba mu labari, tsohon direban bas ne mai bakin barkwanci. Ya ce ranar Asabar da hantsi yana tsakar gida ya kwance fanka yana wanke fukafukanta, ita kuma tana ta wanke kofi ɗaya kusan minti goma.

“Kofin nan ya yi miki laifi ne?”

Ta ajiye kofin, ta ɗauko littafin ta buɗe masa. Ya ce bai fahimci ko kalma ɗaya a shafin ba, amma ya gane rubutun, kuma ya gane fuskarta. Ta ba shi labarin tun daga farko.

“Baban yara, in na faɗa, takarda za ta shiga fayil ɗina. Makarantu sun ce sai an rubuto musu sunan wanda ya yi. Shekara ashirin da biyu, sai a ƙarshe a ce tsohuwar nan ce ta sa yara kuka.”

“In kuma ba ki faɗa ba?”

“Dogo ya tafi. Kuma duk inda ya je neman aiki, labarin zai riga shi isa.”

Ya ce sai ya ci gaba da goge fankarsa. Can ya ce, “Ikon Allah. Shekara talatin kina tsare ni da wanne, wanne. Riga zan sa, wacce. Hanya zan bi, wacce. Yau an kawo miki abu biyu kin tsaya kina wanke kofi?”

Ta ce masa ba abin wasa ba ne. Ya ce ya sani. Ya ce mata shi dai wata huɗu masu zuwa zai karɓi matarsa ta dawo gida gaba ɗaya, kuma ya fi son wadda za ta iya zama a tsakar gidan nan ta sha shayi hankali kwance. Fayil kuwa, a kabad ɗin ofis za a bar shi, ƙura ta ci. Ta yi kuka kaɗan, ya yi kamar bai gani ba, ya ce ta miƙo masa sukurdireba.

Ranar Litinin, kafin manaja ya zauna, ta roƙe shi ya tara kowa. Ta haɗa kwamfutarta da babban allon bango. Ta ba inji umarnin da Dogo ya bayar, inji ya miƙo kayan bara shiru. Ta buɗe saiti ta kunna gargaɗin, ta sake ba da umarnin. Sai ga layi ya fito a sama: wannan suna yana nufin abu biyu.

“Wannan layin ne aka ce Dogo ya gani ya ƙetare,” in ji ta. “Bai gan shi ba. Babu wanda ya gan shi a ofishin nan shekara shida, domin ni na rufe masa baki da hannuna, na ce zan buɗe, na manta. Ga shi a rubuce.”

Ta ajiye littafin a buɗe a gaban manaja. Ba ta kawo zancen asibiti ba, ba ta ambaci wanda ya buga hatimin bara ba. Manaja ya karanta shafin sau biyu, ya yi ƙasa da murya.

“Haba Yaya, ai da kin same ni a ofis mun yi magana mu biyu.”

“Yallaɓai, a tsakiyar ɗakin nan aka tsayar da shi. A nan ya kamata a wanke shi.”

Dogo yana can ƙarshen tebur, ya rufe baki da hannu, amma wannan karon ba dariya yake ba. Manaja ya aika aka kawo takardar sallamar, ya yaga ta gida huɗu, kuma don a faɗi alherinsa, ya tashi ya ba Dogo haƙuri a gaban kowa. Bayan kwana biyu takardar jan kunne ta shiga fayil ɗin Yaya Wanne, sunanta kuma ya tafi makarantu tara.

Wata huɗun da suka rage mata ba ta yi su tana sunkuyar da kai ba. Ta kwashe fayil ɗin saiti ta shigar da shi rumbu, yadda duk wanda ya taɓa shi sunansa zai fito. Ta hana injin ɗaure kaya karɓar suna tsirara: dole ka faɗa masa reshe kake nufi ko hatimi, in kuwa ya ga suna biyu sai ya tsaya cak, ba ya zaɓar wa kowa. Ta kafa mai gadi a ƙofar rumbu da ke ƙin duk sabon sunan da ya yi karo da tsoho. Mun yi ta ƙorafi cewa ta ƙara mana dogon rubutu, ta ce mu yi haƙuri, yatsu ba sa ƙarewa. Da ta tona sosai ma sai ta samo wasu sunaye huɗu masu tagwaye suna kwance suna jiran ranarsu.

Makon jiya muka yi mata ’yar walima a ɗakin taro. Ana cikin jawabai sai ga wata mata ta shigo da goyo, babu wanda ya gayyace ta, babu wanda ya san ta. Dogo ya miƙe a ruɗe, ashe matarsa ce. Ta wuce kai tsaye ta durƙusa gaban Yaya Wanne ta kama hannunta biyu.

“Yaya, ni ban san reshe ba, ban san hatimi ba. Abin da na sani, kwana huɗu mutumin nan yana tura abinci gefe, yana fita tsakar gida don kada yara su ga fuskarsa. Ranar Litinin ya dawo ya cinye, ya ce in ƙaro. Shi ne na ce sai na zo na ga fuskar wadda ta dawo mini da miji.”

Yaya Wanne, wadda ba ta taɓa rasa tambaya ba, ta cire tabarau ta yi ta gogewa.

Uwar rumbu, ke ce kika koya mana cewa suna amana ne, kuma inji bai kamata ya yi wa mutum zaɓe a ɓoye ba. Ke ce kika tsare mu shekara ashirin da biyu daga kurakuran da ba mu ma san mun kusa yi ba, shi ya sa ba mu taɓa gode miki ba, domin aikinki in ya yi kyau babu abin da ake gani. Kuma ke ce, ranar da kuskuren ya zama naki, kika ɗauko shi da hannunki kika ajiye a tebur alhali babu mai iya kama ki. Takarda ɗaya ce ta ɓata miki fayil, mu kuwa duk cikin fayil ɗin ita muka fi girmamawa. Mun gode, Yaya. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya ba maigida haƙurin tambayoyin da yanzu shi kaɗai zai riƙa amsawa.

Ku kuma da kuke karanta wannan, ko a ofis kuke ko a gareji ko a ɗakin magani, kusan kowa yana da wani abu da ya kashe ya ce zai kunna ranar Litinin. Ku je ku duba. In kuwa kun tarar wani ne ke shirin ɗaukar kwali saboda shi, ku yi magana tun ba a sa hannu a takarda ba, kuma ku yi ta a inda aka kunyata shi.

Dogo yana nan a teburinsa. Yau ma ya makara da minti ashirin, ya shigo yana ba da haƙuri, mu kuwa babu abin da ya kai mana daɗi kamar jin takunsa a kan bene.